Wa ke cinye RAM ɗin sabar makarantarmu?

Tambaya:

Malam, barka da aiki. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a nan Damagaram. Muna da wata tsohuwar kwamfuta da muka mayar sabar, Ubuntu ce a kanta, RAM ɗinta giga 4, ba ta da allo, ta ssh nake shiga. A kanta malamai ke shigar da makin ɗalibai, da Apache mai miƙa shafuka, da PHP, da MySQL, rumbun bayanan. Duk ƙarshen zangon karatu, in malamai suka taru a kanta, sai ta yi nauyi, wani lokacin ma MySQL ta mutu sai na sake tada ta. Na buga free na ga mega 140 kacal suka rage. Na buga top na ga MySQL ita kaɗai ta riƙe fiye da giga 2, da na tara na Apache kuma sai lissafin ya nemi wuce abin da injin ke da shi baki ɗaya. Yaya zan gane mai cin RAM ɗin da gaske? Ko in ce wa mai makarantar ya sayo ƙari kawai?

Amsa:

Barka kadai, ƙanena. Kada ka je wurin mai makaranta tukuna. Lambobi uku ka kawo mini, kuma duka ukun ba abin da kake zato suke faɗa ba. Ba laifinka ba ne, mu ma haka suka ruɗe mu a farko. Bari mu bi su, sannan in nuna maka inda nake zargin matsalar take.

Mu fara da mega 140 ɗin. Linux ba ya son ganin RAM a zaune babu aiki. Duk fayil ɗin da aka karanto daga diski, kanel, wato zuciyar Linux mai raba RAM ga manhajoji, yakan bar kwafinsa a cikin RAM, don in an sake nema kada a koma diski, wanda ya fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba, balle irin tsohon diski mai juyawa da nake jin shi ne a injinku. Ka dubi mai shago a kasuwar Dole: kayan da ya fito da su daga sito da safe ba ya mayar da su don an saya sau ɗaya, yakan bar su a kan teburi tunda ya san za a sake tambaya. In babban kaya ya iso yana neman wuri, nan take zai kwashe su. Teburin a cike yake a ido, amma wuri bai ƙare ba. To lambar da ke ƙarƙashin kalmar free tana ƙirga wurin da babu komai a kansa ne kawai, kuma a sabar da ta daɗe a kunne kullum ƙarama za ka same ta. Wadda za ka duba ita ce ta ƙarshe, available, wato abin da za a iya ba sabuwar manhaja yanzu ba tare da an takura kowa ba. Tun 2014, a kanel 3.14, aka fara lissafa ta, don mutane sun gaji da wannan ruɗanin.

Da yake yawancin injinanmu a nan da Faransanci ake girka su, mai yiwuwa kai libre da disponible kake gani. Ka saba da buga shi haka:

LC_ALL=C free -h

Zai fito maka da kalmomin asali, kuma zai sa ɗigo a maimakon waƙafi a tsakiyar lambobi. Wannan waƙafin na Faransanci ya taɓa ɓata mini wuni guda, ina ta neman dalilin da ya sa lissafin awk ke fitowa ba daidai ba.

Akwai shawarar da ke yawo, wai ka rubuta 3 a cikin /proc/sys/vm/drop_caches don ka "wanke" RAM. Kada ka yi. Lambar za ta yi kyau na ɗan lokaci, amma ka kwashe kayan teburi ne ka mayar sito, sai injin ya sake ɗebo su ɗaya bayan ɗaya, nauyin ya ƙaru.

Sai giga 2 na MySQL. Ina da yaƙinin a ƙarƙashin VIRT ka gan ta. A top akwai VIRT, da RES, da SHR. VIRT fili ne a takarda. Mutum zai iya riƙe takardun filaye goma a bayan gari, amma ɗaki ɗaya ya gina. In manhaja ta nemi wuri, kanel yakan ce ya ba ta, amma ba ya miƙa mata RAM na gaske sai ta taɓa wurin, shafi bayan shafi, kowane shafi kilo 4 a irin injinanmu. Manhaja mai zare da yawa irin MySQL ko Java takan yi rajistar fili mai yawa da ba za ta taɓa ginawa ba. Saboda haka VIRT na iya wuce RAM ɗin injin gaba ɗaya, ba tare da wata matsala ba. Ni kusan ba na kallonta. RES ita ce ginin da ke tsaye a ƙasa, abin da ke zaune cikin RAM a wannan daƙiƙar. A cikin top ka danna babban M, zai jera maka su daga mai RES mafi yawa zuwa ƙasa, ka danna ƙaramin e ya sauya maka ma'aunin daga kilo zuwa mega. In kuma kana son abin da za ka iya kwafa ka ajiye:

ps -eo pid,user,rss,vsz,comm --sort=-rss | head -15

A nan rss ita ce RES, vsz ita ce VIRT, kuma da kilo ake ƙirga su.

Yanzu ga inda abin ya fi daɗi, wato lissafin Apache da ya ƙi fita. RES gaskiya take faɗa game da furoses guda, wato kwafin manhaja ɗaya da ke gudana, amma ba a tara ta. Ka ɗauki gidan haya mai ɗaki goma da famfo ɗaya a tsakar gida. Ka bi ɗaki-ɗaki kana tambaya, "Kuna da famfo?" Kowa zai ce eh, kuma babu wanda ya yi maka ƙarya. In ka tara amsoshin sai ka rubuta famfo goma. Apache da ke tafiya da PHP a cikinsa haka yake aiki: uwa ɗaya ce ke haifar ƴaƴa, kowane ɗa yana karɓar buƙatar malami guda a lokaci guda, kuma dukkansu suna tarayya a kan lambar manhajar, da ɗakunan karatun (libraries) da take jingina da su, da ma'ajiyar PHP ta opcache. Kwafi ɗaya ne a RAM, amma RES ta kowane ɗa tana ƙirga shi cikakke a matsayin nata.

Maganin wannan shi ne PSS, kuma kowa a Damagaram ya san lissafinta ko da bai taɓa jin sunan ba, don haka ake raba kuɗin ruwa a gidan haya: abin da ka sha kai kaɗai naka ne, abin da aka yi tarayya a kai a raba shi bisa yawan masu amfani. A ce kana da ƴaƴan Apache 20, kowane RES ɗinsa mega 60, kuma 40 daga ciki na tarayya ne. Tarin RES zai ba ka 1200. Gaskiyar kuwa 20 sau 20, wato 400, a ƙara 40 ɗin tarayya sau ɗaya tak, 440 ke nan. PSS ta kowane ɗa 22 ce, kuma in ka tara su 440 za ka samu daidai. Ita ce lambar da aka yi don a tara. Tana da ƙanwa, USS, wadda ke ƙirga na kansa zalla, wato abin da zai dawo maka in ka kashe wannan furoses ɗin. In kana tambayar nawa ƙarin ɗa guda zai ci maka, USS ce ke kusa da amsar.

Hanya mafi sauƙi ta ganinsu ita ce ka girka smem, tana cikin rumbun Ubuntu:

sudo apt install smem
sudo smem -tk -P apache2

Za ta jero Swap (wurin diski da kanel ke tura kayan RAM in wuri ya ƙure), USS, PSS da RSS na kowane ɗa, da jimilla a ƙasa. Kada ka manta da sudo, in ba haka ba naka furoses kawai za ta iya leƙawa, na Apache kuwa a ƙarƙashin www-data suke gudana. In ranar intanet ta ƙi, ba sai ka girka komai ba, don smem ma daga /proc take ɗebo labarinta. Tun kanel 4.14 akwai taƙaitaccen fayil ga kowane furoses:

sudo grep -E 'Rss|Pss|Private' /proc/1234/smaps_rollup

Ka sauya 1234 da lambar furoses ɗin, wadda pgrep mysqld ko pgrep apache2 zai ba ka. Akwai kuma /proc/1234/status, kuma a cikinsa layi ɗaya nake ƙauna ƙwarai, VmHWM. Ka san alamar da ruwa ke bari a jikin bango bayan ya janye? Ita ce wannan: mafi girman RES da furoses ɗin ya taɓa kaiwa tun da aka tada shi. Ko ka zo bayan hayaniya ta lafa, za ta faɗa maka inda ruwan ya kai. Ka dubi RssAnon ma a wurin. Shi ne ɓangaren da ba shi da kwafi a wani fayil, wanda kanel ba zai iya zubarwa ya sake karantowa ba, sai dai ya tura shi swap. Shi ne ke kashe inji.

To wa ya kashe MySQL? Kafin duk wani awo, wannan ya kamata ka fara tambaya, don kanel ba ya kisa a ɓoye:

sudo journalctl -k | grep -i 'killed process'

In an sake kunna injin tun bayan abin, ka ƙara -b -1 don ka duba zaman da ya gabata, ko ka nema a /var/log/kern.log in akwai shi. In ka ga layi mai cewa Out of memory: Killed process da sunan mysqld, to RAM ta ƙare da gaske a wannan lokacin, har swap ma ta cika, kanel ya rasa yadda zai yi, ya zaɓi ɗaya ya yanka don sauran su rayu. Layin zai nuna maka lokaci da anon-rss ɗin wanda aka kashe, kuma in ka buga umarnin ba tare da grep ba, sama da shi kaɗan akwai jerin duk furoses ɗin da ke raye a wannan daƙiƙar. Ka ƙirga apache2 nawa ne a jerin. In ba ka ga irin wannan layin ba ko ɗaya, to ka daina zargin RAM, ka koma /var/log/mysql/error.log. Ka kuma buga last -x reboot ka gani ko ba ɗaukewar kuran ba ce ta kashe injin ya tashi MySQL ba ta tashi tare da shi ba. A watannin zafi, Afrilu da Mayu, na sha ganin an ɗora wa RAM laifin kuran, ko laifin fankar da ƙura ta toshe har furosesa, wato CPU, ta rage gudu don kada ta ƙone.

Amma in ka ga layin, ga zargina. Kanel yana zaɓen wanda zai kashe ne da maki, za ka iya ganinsa a /proc/1234/oom_score, kuma mafi yawan makin daga girman furoses guda yake fitowa. MySQL furoses ɗaya ce babba. Apache kuwa ƙanana ne masu yawa, babu ɗayansu da ya kai ta. Sai su taru su cinye RAM, a zo a kama MySQL. An bar jaki ana dukan taiki. A Ubuntu, in ba ka taɓa fayil ɗin /etc/apache2/mods-available/mpm_prefork.conf ba, MaxRequestWorkers yana kan 150, wato an yarda Apache ya haifi ƴaƴa har 150. PHP kuma ta ba kowace buƙata izinin cin mega 128 ta hanyar memory_limit. Ka ninka: mega 19200, kusan giga 19, a inji mai giga 4. A ranakun da babu kowa ba za ka taɓa jin wannan ba, don ƴaƴa biyar ko goma ke aiki. Ranar shigar da maki, shafi ya ɗan yi jinkiri, malami ya sake dannawa, ya sake dannawa, kowace dannawa sabuwar buƙata, ƴaƴa su ƙaru, injin ya fara tura kaya swap, jinkirin ya ƙaru, malamai su ƙara dannawa. Cikin ƴan mintuna an gama.

Zargi ne dai, kuma ba na son ka gyara komai a kan zargina. Na taɓa yin wannan kuskuren shekarun baya a wani ofis da nake taimaka wa. Na duba top sau ɗaya, na ga RAM a cike, na ce a sayo ƙari. Aka kashe kuɗi, aka ninka ta. Injin da ke mutuwa kullum sai ya koma mutuwa bayan kwana biyu. Ashe wata ƙaramar manhaja ce da wani ya rubuta take ara ba ta mayarwa, ko nawa ka ba ta za ta cinye, lokaci kawai ka saya. Da na zauna na auna ta na awa uku da na gani. Kallo ɗaya a top hoto ne, kai kuwa tafiyar abin kake son gani. Saboda haka kafin ranar shigar da maki ta gaba, ka bar wannan yana gudana a cikin tmux ko screen, don kada ya mutu in ssh ta yanke:

while true; do echo "$(date +%H:%M) $(pgrep -c apache2) $(ps -C mysqld -o rss=) $(grep MemAvailable /proc/meminfo)" >> ~/ram.log; sleep 60; done

Kowane minti zai rubuta layi ɗaya: lokaci, yawan ƴaƴan Apache, RES ta MySQL, da abin da ya rage. Ba ya cin komai. In kana da sysstat a girke, pidstat -r -p 1234 60 na yin makamancin haka ga furoses guda, amma ni na fi son nawa don ina ganin abubuwa huɗun a jere.

Karatun fayil ɗin ba wuya. Lambar da ta hau ta tsaya a wuri ɗaya lafiya take. Haka MySQL ke yi, takan cika ma'ajiyarta ta InnoDB, wadda ke kan mega 128 in ba a sauya ba, ta ƙara da wasu ɗaruruwan mega na sauran hidimominta, sannan ta zauna. Ba ta mayarwa, kuma ba laifi ba ne. Lambar da ke hawa da sauka tare da yawan mutane ita ma daidai ce, tambayar kawai ita ce ƙololuwarta ta fi ƙarfin injin ko a'a. Wadda za ka ji tsoro ita ce mai hawa a hankali ko da tsakar dare babu kowa a kan sabar, ba ta taɓa saukowa. Wannan ce mai ara ba ta mayarwa, kuma gyaranta a cikin manhajar yake.

A daidai lokacin da nauyin ya zo, ka buɗe wata taga ka buga vmstat 5, ka zuba ido kan si da so. Su ne kayan da ke shigowa daga swap da masu fita zuwa can. Ganin an yi amfani da swap a free ba abin damuwa ba ne, wataƙila kanel ya ajiye abin da aka daɗe ba a taɓa ba ne, kuma ya kyauta. Amma si da so su yi ta motsi layi bayan layi, ga lambar wa a gefen dama, wato jiran diski, tana hawa, wannan injin na niƙa ne a banza, yana kai kaya yana dawo da su. Layin farko na vmstat ka tsallake shi, matsakaici ne tun daga kunna injin.

In awon ya tabbatar da zargina, gyaran na minti biyar ne kuma ba ya cin ko dala. Ka ɗauki RAM ɗinka, ka cire na tsarin kansa, ka cire ƙololuwar MySQL da VmHWM ta nuna maka, ka bar wani abu don ajiyar fayiloli, sauran ka raba shi da abin da ɗa guda ke ci a ranar aiki. Misali in mega 2000 suka rage, ɗa guda kuma yana cin 40, to 50 za ka sa a MaxRequestWorkers. Da naka lambobin za ka yi, ba da nawa ba. Buƙata ta 51 za ta ɗan jira a layi, kuma jiran daƙiƙa biyu ya fi mutuwar rumbun bayanai ana tsakiyar rubuta maki. A cikin fayil ɗin dai akwai MaxConnectionsPerChild, in ka same shi a kan sifili ka mayar da shi 1000 ko kusa da haka, don kowane ɗa ya yi ritaya bayan ya yi hidima sau dubu, ya mayar da duk abin da ya tara.

Abu ɗaya da ban ji ka ambata ba, kuma ina zarginsa shi ma: buga takardun sakamako. In manhajarku tana haɗa na dukkan ɗalibai a PDF guda, ita kaɗai za ta iya haɗiye giga. In ta layin umarni ake tada ta, ka sani a Ubuntu PHP ta layin umarni ba ta da iyaka sam, memory_limit ɗinta a kan -1 yake. Ka auna ta haka:

/usr/bin/time -v php sakamako.php

Ka rubuta cikakkiyar hanyar kamar yadda na rubuta, don time zalla ta bash ce kuma ba ta san -v ba. In ta gama, ka nemi layin Maximum resident set size, da kilo yake. In ya yi yawa, a riƙa bugawa aji-aji.

Sayen RAM yana da ranarsa. In ka rage ƴaƴan Apache, babu mai ara ba ya mayarwa, amma duk da haka available na faɗowa ƙasa da mega ɗari biyu ko uku a lokacin aiki, si da so na motsi, malamai kuma na jira a layi har suna ƙorafi, to aikin ya fi ƙarfin giga 4 da gaske, kuma a lokacin za ka shiga ofishin mai makaranta da takarda a hannu. Kafin a aika kasuwa ko a yi saƙo Kano, ka buga sudo dmidecode -t memory ka ga irin RAM ɗin da injin ke ɗauka, DDR3 ce ko DDR4, gurbi nawa ne babu komai a ciki, da iyakar abin da injin zai karɓa, don tsofaffin injinan ofis da yawa ba sa wuce giga 8 ko 16.

Ka fara da journalctl yau ɗin nan, ka tada layin awon nan mai rubuta ram.log kafin malamai su fara shigar da maki. Bayan kwana biyu ka turo mini ram.log da abin da smem ta nuna a lokacin cunkoso, mu fitar da lambar MaxRequestWorkers tare.